An Kwashe Gidan, An Bar Ratiba

Ranar da saƙo ya iso cewa Mahjub yana tafe a jirgin ƙasan Alhamis, Ratiba ba ta tsaya tambayar abin da zai kawo shi ba. Ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado, ta ninke tufafinta, ta ɗora tasbahar mahaifiyarsu a sama, ta ɗaure da igiya har ƙulli biyu. Sannan ta roƙi Ohaj, tsohon da ke kawo mata ruwa a kan jaki, ya samo mata kifi. Ta dafa da shinkafa, albasar ta ɗan ƙone, yadda ƙanen nata yake so tun lokacin da take goyon sa.

Shekara uku ke nan da ya kwashe iyalinsa zuwa Bur Sudan, ya bar ta a gidan ubansu, marigayi Siddiƙ, a tsibirin Sawakin, da alkawarin wata biyu. Ba shi kaɗai ya tashi ba. Tun da Turawan Ingila suka ce mashigar ruwanmu ta yi wa manyan jiragensu ƙunci, suka gina sabuwar tasha can arewa a Bur Sudan, duk mai ƙafa ya bi jiragen. Mu da muka yi ta rantsuwa a shagon gahawa cewa sai dai a fitar da gawarmu daga Sawakin, mu muka fara isa tashar jirgin ƙasa, kowa na kauce wa idon ɗan'uwansa. Aka bar garin ga tsofaffi da kyanwoyi da gidaje masu hawa uku. Ratiba tana cikin tsofaffin. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta haihu ba, shekarunta sun doshi sittin.

Mahjub ya shigo da azahar, jar dara a kansa, agogo da sarƙa a aljihun kwat, irin shigar dillalan kaya na sabuwar tasha. Wani mutum yana biye da shi da jakar kayan aiki.

"Yaya, kin rame," in ji shi.

"Kai kuma ka ajiye tumbi. Allah ya ƙara. Wane ne wannan?"

"Kafinta ne."

"Kafinta? Akwati ɗaya ne fa, kuma na riga na ɗaure."

Mahjub ya dubi akwatin, ya dubi kwanon kifin, ya zaɓi kifin. Sai da ya cinye shi tas, ya wanke hannu, ya yi hamdala mai tsawo, sannan ya ce roshan ya zo cirewa.

Roshan ita ce tagar nan ta katako da ke leƙo kan hanya daga hawa na biyu, mai faɗin ɗan ƙaramin ɗaki, inda mace za ta zauna ta sha iska ta ga kowa ba mai ganinta. Ta gidan Siddiƙ ba ta da ta biyu a layin. A cikinta Ratiba take wuni. Daga nan take ganin gadar da ta haɗa tsibirin da tudu, da hayaƙin jirgin ƙasa in ya shigo, da duk wanda ya sauko.

"Iskar gishiri na cinye ta, Yaya. Dubi nan, dubi nan. Kayan Baba ne, bai kamata a zuba ido su lalace ba. Ajiya zan kai ta."

"Ni iskar gishirin ba ta cina ne?"

Ya yi dariya sosai, har da dafa gwiwa. "Yaya ke nan! Bakinki dai bai tsufa ba. Ke ai maganarki a gama take. Gidan can ɗaki biyu ne, kamar akurki. Bari in ɗora bene, da kaina zan zo in ɗauke ki."

Kafin la'asar kafinta ya raba roshan gida takwas. Aka ɗora wa raƙumi, aka nufi tasha. Ratiba ta tsaya a bakin ramin da aka bari a bango, fili ya buɗe mata har teku, ta ga ƙanenta yana tafe gefen raƙumin yana tallafar katako da hannu kada ya gogi bangon lungu. Ba ta taɓa ganin ya lallaɓa wani abu haka ba.

Ta rataya tabarma a ramin. Iska ta yar da ita. Ta sake ratayawa, ta danne da duwatsu. Rana ta fara shigowa har tsakar ɗaki tun hantsi, shirwa ta koyi leƙowa in ana soya abu. Akwatin kuwa ba ta kwance ba. In tana son zane, sai ta sassauta igiyar ta zaro, ta mayar da ƙullin.

Da zafi ya fara raguwa, Usta Jabir ya biyo. Shi ne maginin da ya saura a tsibirin, kuma ba wanda ya kira shi. Al'adarsa ce ya zaga gidaje kafin ruwa, yana ƙwanƙwasa bango da ƙotar guduma yana saurare, kamar mai sayen kankana. Dutsen da muke gini da shi daga teku ake fasa shi, duk ramuka ne da shi kamar soso. In ana shafe shi da farar ƙasa kowace shekara kafin ruwan hunturu, don mu nan da sanyi ake mana ruwa, zai ga jikokin jikoki. In aka bari ya sha ruwa, sai ya ruɓe daga ciki kamar haƙori, waje fari tas.

"Hajiya, yaushe rabon gidan nan da farar ƙasa?"

"Tun shekarar da suka tafi."

"To bangon gabas ya fara amsa min da muryar da ba na so. A gaya wa mai agogo ya turo a yi shafe kafin hadari ya haɗu."

Limamin masallacin da ya rage ya rubuta mata takarda, mai duba tikiti ya tafi da ita. Bayan mako biyu amsa ta zo, liman ya karanta mata daga bayan ƙofa. Gaisuwa ta ci rabin takardar. Sauran rabin ya ce gidan ba na Mahjub ba ne shi kaɗai, akwai 'ya'yan marigayi yayansu da ke Jidda, su ma suna da gado a ciki. In ya taɓa bango ba da izininsu ba, gobe za a ce yana neman mallake gidan marayu, shi kuwa yana tsoron Allah. Ya rubuta musu, yana jiran amsa.

"Malam, sake karanta min wajen tsoron Allahn," in ji Ratiba.

Liman ya sake karantawa.

"Ita roshan ɗin, an tambayi marayun?"

Liman ya yi gyaran murya, ya ce lokacin salla ya yi.

Ruwan shekarar bai yi yawa ba, sau uku ya sauka. Duk da haka wata tsaga ta buɗe daga ramin roshan ta gangaro, siririya kamar zare. Ratiba ta cusa mata tsumma. Gwiwoyinta suka fara ƙin matakala, sai ta rage hawa sama. Maƙwabciyarta ta ƙarshe, wadda suke magana da ita ta kan soro, 'ya'yanta suka zo suka tafi da ita, har da akuyarta. Daga ranar, in ba Ohaj ya zo da salkunan ruwa daga rijiyoyin Shata ba, Ratiba takan wuni ba ta ji muryarta ba. Ta fara yi wa kyanwoyi faɗa don kawai ta tabbatar tana nan.

Zuwan Mahjub na biyu da bazara ne, da albishir. 'Yarsa Madina za ta yi aure, ɗan wani babba a kwastan. Ratiba ta yi guɗa, muryar ta fito a shaƙe don an daɗe ba a yi amfani da ita ba. Ita ta yanke wa Madina cibiya. Nan take ta fara lissafa abin da za ta sa.

"Sai dai akwai abu ɗaya, Yaya. Mutanen nan manya ne. Ƙofar gidana ta kwano ce, in ka tura ta sai ta yi kuka kamar jaki. Yaya za a yi surukai su shigo ta nan? A ce 'yar gidan Siddiƙ?"

Ta gane kafin ya ƙarasa. Ƙofar gidan Siddiƙ ƙyaure biyu ce, sassaƙa tun daga sama har ƙasa, da ƙusoshin tagulla jere. Maza huɗu ke ɗaga ɓari guda.

"Ɗauki," ta ce. "Amma ka sa ni a taragon da za ka sa ta. Ba na neman kujera. A kanta zan zauna."

"Haba Yaya. In kin taho, wa zai zauna a gidan da ba ƙofa?"

Ta dube shi ta ga ko wasa yake. Ba wasa yake ba. Fuskarsa ta mutumin da ya gano wata matsala ce da ba wanda ya hango sai shi.

"Ɓarayi su kwashe komai? Kuma kin ji abin da ake faɗa, wai hukuma za ta rushe duk gidan da aka samu ba kowa a ciki. Ki taimaka min, Yaya. Ke ce ginshiƙin gidan nan. Da zarar an gama biki zan kawo miki hoto."

Wannan maganar rushe gidaje kuwa, ba wanda ya taɓa ganin takardarta. Amma ta yi wa da yawa daga cikinmu amfani, duk wanda ke da gwaggo ko kaka da bai san inda zai ajiye ba.

Aka cire ƙofar, aka kafa fallen kwano biyu da ƙusa da 'yar igiya. Da aka zo ɗaurewa, Mahjub ya miƙo hannu.

"Makullin fa, Yaya?"

"Na manta inda na ajiye."

Makullin ƙarfe ne mai tsawon tafin hannu, kuma shekara talatin yana rataye a wuyanta. Igiyar na nan a fili, baƙa, ta nutse cikin riga. Ya ga igiyar, ta ga ya gani. Amma ko dillalin tasha ba ya kai hannu wuyan yayarsa a gaban leburori.

"To a neme shi," ya ce. "In an gani a aiko."

Ba a kawo hoton ba. Ohaj ne ya ba ta labarin bikin, shi ma ji ya yi. An ce an yanka raguna bakwai, an ce baƙi sun fi kallon ƙofar a kan amarya.

"An tambaye ni?" in ji Ratiba.

"An ce an tambaya."

"Me ya ce?"

Ohaj ya juye salka a randa, ya matse ta har ɗigon ƙarshe kafin ya amsa. "Wai kin ce ba kya iya rabuwa da gidan ubanku ko na kwana ɗaya. Wai har kuka ya yi miki, kika ƙi."

Ta ɗora wa randar murfi. "Mahjub da kuka. Tun yana yaro ya iya shi, ba ya ko ɓata hawaye."

Kwanon ƙofar yakan yi zafi da rana har zauren ya zama tanda. Awaki suka gane igiyar ba ta da ƙarfi. Wata rana ta sauko ta tarar da wasu fatake biyu sun shimfiɗa tabarma a zauren suna cin abinci, sun ɗauka kango ne. Da suka gan ta, ɗaya ya zabura yana neman tsari, ya zaci aljana ce. Ta ba su ruwa suka sha.

Zuwa na uku, Mahjub ya shigo da fara'a tun daga lungu yana kiran "Yaya! Yaya!" kamar da. Ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya cire darar ya ajiye.

"An ba ni izinin bene. An fara. Ɗakinki yana kallon teku, taga biyu, matakala ba tsayi saboda gwiwarki. Bango ya kai wuya."

Ratiba ta rufe fuska da gefen mayafi. Ta yi niyyar kada ta nuna masa komai, amma kafaɗunta suka tona ta.

"Abu ɗaya ya tsayar da mu. Azara. Katakon da ke Bur Sudan yanzu duk na akwatin kaya ne, gara na cinye shi a shekara. Sai na ce, to, hawa na uku na gidan nan wa ke kwana a ciki? Tantabaru. Azarar Baba ta rufa wa 'yar Baba ɗaki, ai ba a yi asara ba."

Wannan karon ba ta yi gardama ba. Ita da kanta ta ja gwiwoyinta har sama, tana hutawa a kowace matakala biyar, ta nuna masa waɗanda suka fi kauri, da waɗanda ruwa bai taɓa ba.

Aka kira Usta Jabir ya yi aikin. Ya hau, ya duba, ya sauko, ya zauna a dakali ya ɗora gudumarsa a cinya.

"Ba da hannuna ba."

"Usta, za a sallame ka da kyau."

"Na ce ba da hannuna ba. Kai ɗan Siddiƙ, azarar nan ba rufi kaɗai take ɗauke da shi ba, ita ke riƙe da bango da bango. Dutsenmu ba ya tsayuwa shi kaɗai, sai da itace. Ka zare, ka bar kan bangon a buɗe, ruwa ya shiga ta sama. Shekara huɗu ba farar ƙasa. Ka san abin da kake yi?"

"Zamani ya wuce wannan maganar, Usta. Yanzu injiniyoyi ke gini."

"To injiniyan ya zo ya kwana a ƙasa."

"Kafin ruwa ai na ɗauke ta. Wata biyu."

"Wata biyun nan naka," in ji Usta Jabir, "ya fi na kowa tsawo."

Mahjub ya koma ya turo leburori daga Bur Sudan, samari masu ƙarfi waɗanda suka san siminti da bulo, ba su taɓa taɓa dutsen teku ba. Suka zare azara. Da suka ga wasu itatuwa masu kyau kwance a cikin bangon kansa, jeri-jeri, waɗanda magabata ke sakawa kamar ɗamara don kada dutse ya zame, sai suka ce ai ubangida zai ji daɗi, suka ɓanɓaro na sama su ma. Kwana uku ƙura na zubo wa Ratiba a abinci. Ba ta yi ƙorafi ba. Ɗakinta ake ginawa.

Ta sauko da gadonta ɗakin ajiya na ƙasa, inda a da ake tara buhunan gahawa. Ta ajiye akwatin a bakin ƙofa. Kowace Alhamis takan fito lungu ta tsaya inda ake hango gada. Jirgin fasinja da ke zuwa kullum a da ya koma sau biyu a mako, sannan sau ɗaya, yana sauke alhazai masu jiran tsallakawa da buhunan dawa. Wata biyu suka cika. Na uku ya bi su. Iska ta juya, ta fara zuwa daga arewa da sanyi-sanyi, gajimare suka fara taruwa a kan duwatsu da yamma.

Wata safiya Ohaj ya juye ruwa bai tafi ba. Ya tsaya yana gyara igiyar jakin da ba abin da ya same ta.

"Faɗi, Ohaj. Jakin nan ya gaji da gyara."

"'Yar Siddiƙ, ɗan'uwana da ke dako a tasha ya zo jiya. Ya ce benen an gama tun watan jiya. An yi fenti shuɗi."

"Alhamdulillahi. To fenti ne bai bushe ba."

"Akwai mutum a ciki. Wani Bagirke, Baturen Girka, akawun kamfanin jiragen ruwa. Haya. Yana da garmaho, har waje ana ji."

Ratiba ta zauna a kan akwatin. Ta tambaya ko ɗakin na kallon teku. Ohaj ya ce haka aka ce. Ta tambaya taga nawa. Ya ce bai sani ba.

"Biyu ne," ta ce. "Bai yi ƙarya ba a nan."

Ranar Alhamis ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta lulluɓa, ta sa Ohaj ya ɗora akwatin a kan jaki, ta ja ƙofar kwanon ta ɗaure igiyar, ta tako gada da ƙafarta. Ba ta yi niyyar roƙo ba. Niyyarta ta je ta zauna a bakin ƙofar ubanta, a duk inda aka kafa ta, a gaban maƙwabta, ta ga ko zai iya tsallake ta ya shiga. Tafiyar da yaro ke yi kafin shayi ya huce, ita ta ci mata rabin safiya.

A tasha ba kowa sai ma'aikaci ɗaya yana shan gahawa a inuwa. Ya ce ruwa ya sauka a duwatsu daren jiya, kwari ya kawo, ya tafi da hanyar jirgi a wuri biyu. Ba jirgi sai an gyara.

"Yaushe?"

"Hajiya, da layin can ne na manyan kaya, da yau za a gyara. Namu kuwa, sai an tuna."

Suka juyo. Kafin su kai gada yayyafi ya fara, sama ta yi baƙi ta gabas. Ohaj ya tsayar da jakin.

"Kada ki koma ciki. Usta ya ce bangon nan ba zai sha ruwa biyu ba. Bukkata na nan kusa, tabarma ce da itace, in ta faɗo wa mutum sai dai ya yi atishawa. Matata na nan. Ki zauna har a gyara hanya."

"In na kwana a bukkarka, Ohaj, kafin jibi an kai Bur Sudan cewa ɗan Siddiƙ ya yar da yayarsa, mai jaki ya tsinta."

"To ƙarya za a yi?"

"Ba ƙarya ba ne. Shi ya sa ba na so a faɗa."

Ya yi magiya, har ya yi fushi, ya ce taurin kan mutanen tsibiri ya fi na jakinsa. Ta ce ya sauke mata akwatin a inda ya ɗauka.

Ruwan ya kwana biyu yana zuba, ba ƙarfi, ba tsayawa. Ya shiga ta kan bangon da aka bari a buɗe, ya bi ramukan da aka zare itace, ya gangaro. Ratiba ta jera kwanoni da tukwane, ta gaji da zubarwa ta bari. Bangon ɗakin ya yi gumi, farar ƙasar da ta saura ta dinga saɓulowa kamar ɓawon ƙwai. A rana ta biyu kyanwoyin suka fice ɗaya bayan ɗaya, har da mai jego, tana ɗauke da 'ya'yanta a baki. Ratiba ta bi su da kallo.

"Ku ma Bur Sudan? Ku gaishe shi."

Safiya ta uku ruwan ya ɗauke, rana ta fito fes. Ta yi murna. Ta hura gawayi da ƙyar, ta soya 'yar gahawar da ta rage, ta daka da citta. Tana cikin jiran ta tafaso ta ji wani sauti a sama, kamar ana zazzage buhun tsakuwa a hankali. Ƙasa ta zubo cikin kofin da ta ajiye. Ta ɗauka ta busa, ta goge da gefen zane. Ta kai hannu wuya ta taɓa igiyar. Ta yunƙura za ta tashi, gwiwar ta ce a jira.

Ohaj yana kan gada ya ji ƙarar rushewar gidan. Ya ce ba ta ma yi ƙarfi ba.

Shi da Usta Jabir da liman da wasu alhazai baƙi da ba su san sunanta ba suka yi haƙa har la'asar. A Sawakin aka rufe ta, kusa da ubanta. Mahjub bai samu jana'iza ba saboda hanya. Zaman makoki kuwa a Bur Sudan aka yi, tunda can mutane suke, kuma can gida yake.

Mun je, mu duka, tsofaffin 'yan tsibiri, da jajayen hulunanmu na dara. Muka shiga ta ƙofar Siddiƙ, kowa ya shafa sassaƙar da hannu. Muka zauna a ƙarƙashin roshan, matan gida na kuka a ciki ba mai ganinsu. Bagirken sama mutumin kirki ne, bai kunna garmaho ba har kwana uku. Mahjub ya rame, idonsa ya yi ja. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ce masa, "Na yi, na yi, ta ƙi. Na gina mata ɗaki da hannuna." Mu kuma muka ce haka mutanen da suke, ba sa rabuwa da tushe. Wani ya ce laifin Turawa ne da suka kashe garin. Wannan ta yi wa kowa daɗi, muka daɗe a kanta. Ni ma na tofa tawa, da kyau kuwa, don tagogin ɗakin da nake kwana ba a Bur Sudan aka sassaƙa su ba.

Rana ta uku aka gyara hanya, Usta Jabir ya iso da ƙurar tafiya a jikinsa. Bai zauna ba, bai karɓi gahawa ba. Ya tsaya gaban Mahjub ya ciro wani abu daga aljihu, ya ajiye a kan tabarma. Makulli ne, da baƙar igiya.

"Matan da suka yi mata wanka suka ciro. Akwatinta ma na nan a tasha, a ɗaure. Ba mu san inda za a kai ba."

Mahjub ya ɗauki makullin ya juya shi a hannu, hawaye suka zubo masa, na gaske, na gani da idona. Sannan ya tashi a hankali, kamar mai tafiya cikin barci, ya nufi ƙofar, ya ture dutsen da ake tokare ta da shi tun ranar da aka kafa ta. Ya zura makullin a kuba. Ya murɗa. Ƙarfen ya shige da wani ɗan sauti mai daɗi, kamar jiya aka sa masa mai.

"Kun gani?" ya ce, yana share ido. "Aikin da. Ko tsatsa babu."

Muka ce masha Allah.